Ƙaurace Wa Ɗan Kasuwa Saboda Ra'ayinsa: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata muhawara da ta kaure a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, lokacin da ake guguwar zaɓe. Akwai wani mai shago a bakin ƙofar makarantar wanda muka shafe shekaru muna sayen burodi da sukari da biro a wurinsa, har ma yakan ba mu bashi zuwa ƙarshen wata. Ran nan sai aka wayi gari ya manna hoton wani ɗan takara a jikin ƙyauren shagonsa. Kafin a tashi tara wasu daga cikinmu sun rantse ko ashana ba za su ƙara saya a wurinsa ba, suka kuma nemi kowa ya bi sahu. Wasu kuwa suka ce wannan zalunci ne, mutum da ƙuri'arsa. Da gardama ta yi zafi sai aka waiwayo ni, wai tun da tarihi nake koyarwa in raba gardama. Gaskiya a ranar ban iya ba. Wannan maƙala ita ce amsar da na kasa bayarwa, na kuma kawo ta nan ne domin, kamar yadda mai karatu zai gani, marubuta suna da hannu dumu-dumu a cikin wannan tarihi.

Mutumin Da Sunansa Ya Zama Kalma

Mu Hausawa muna da kalmominmu. Mukan ce an ƙaurace wa mutum, ko an yi masa shariya, ko an mayar da shi saniyar ware. Turawa kuwa kalmar da suke amfani da ita asalinta sunan wani mutum ne, wato Kyaftin Charles Boycott, tsohon sojan Ingila wanda yake wakiltar wani attajiri mai suna Lord Erne wajen karɓar kuɗin hayar gonaki a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan.

A wancan zamani yawancin manoman Ailan ba su mallaki gonakin da suke nomawa ba, haya suke yi, kuma wanda ya kasa biya akan yi waje da shi da iyalinsa. A cikin shekarar 1879 damina ta yi gardama, aka shiga tsoron yunwa. A shekarar ne Michael Davitt ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin manoma, Charles Stewart Parnell ya zama shugabanta. Ranar 19 ga Satumba, 1880, Parnell ya yi jawabi a garin Ennis, inda ya shawarci manoma da cewa duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta kada a taɓa lafiyarsa, a dai guje shi a hanya da kasuwa da wurin ibada.

Ba a yi mako guda ba shawarar ta faɗa kan Kyaftin Boycott. Maigidansa ya yarda ya rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin haya, manoma suka nemi kashi 25, aka ƙi, sannan aka aika da takardun kora. Matan ƙauye suka fatattaki ɗan saƙon. Daga nan 'yan ƙwadagon gonar Kyaftin suka watse, maƙeri ya daina yi masa aiki, mai wanki ta daina zuwa, masu shaguna a garin Ballinrobe suka daina sayar masa da kaya. Ga amfanin gona ya nuna, babu mai girbi. Sai ya rubuta wasiƙar kuka zuwa jaridar Times ta Landan. A watan Nuwamba mutum 50 suka zo daga arewacin ƙasar domin su yi masa girbi, gwamnati ta haɗa su da soja da 'yan sanda wajen 1,000. An ƙiyasta cewa an kashe kimanin fam 10,000 wajen girbe amfanin da bai wuce fam 500 ba. Wannan shi ne a fasa kwalba a saka a tulu. Kyaftin ya bar Ailan a ƙarshen shekarar, kuma a 1881 majalisar Ingila ta yi dokar da ta sassauta wa manoma. Wani limamin coci na yankin mai suna John O'Malley shi ake danganta wa fara amfani da sunan mutumin a matsayin aikatau, kafin jaridu su yaɗa shi duniya.

Abin lura a nan shi ne, ba kowane mai shago ne ya juya wa Kyaftin baya don ransa ya so ba. A cikin wasiƙar tasa ya koka cewa ana yi wa masu hulɗa da shi barazana, har da yaron da ke kai masa wasiƙu. Ke nan tun ranar da aka raɗa wa abin suna yake tafe da tilas a gindinsa.

Abin Ya Girmi Sunan

Duk wanda ya karanta sirar Manzon Allah (SAW) ya san cewa an yi ƙauracewa tun ƙarni goma sha biyu kafin a haifi Kyaftin Boycott. A shekara ta bakwai da aiko Manzo, Ƙuraishawa suka rubuta yarjejeniya suka rataye ta a cikin Ka'aba, cewa babu saye babu sayarwa, babu auratayya tsakaninsu da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib har sai sun miƙa shi. Aka killace su a kwarin Abu Ɗalib kimanin shekara uku, har ta kai ga cin ganyen itatuwa, ana jiyo kukan yara saboda yunwa. Matakin ya haɗa har da danginsa waɗanda ba su musulunta ba, laifinsu kawai zumunci. Daga cikin Ƙuraishawan ne kuma aka sami mutum biyar, irin su Hishamu ɗan Amru da Muɗ'imu ɗan Adiyyu, waɗanda zuciyarsu ta kasa ɗauka suka tashi suka warware ta, aka tarar gara ta cinye takardar sai inda sunan Allah yake.

Bayan hijira sai reshe ya juya da mujiya. Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, da ya musulunta sai ya hana a kai alkama Makka, alhali da ita garin ya dogara. Da wuya ta yi wuya Ƙuraishawa suka roƙi Manzon Allah (SAW) saboda zumunci, shi kuma ya aika wa Sumamatu ya buɗe hanya. Wanda ya ɗanɗani yunwar ƙauracewa bai yarda a ɗanɗana wa 'ya'yan maƙiyansa ita ba.

A Ingila ma an yi wata kafin ta Ailan. A cikin 1791 majalisa ta yi watsi da ƙudurin William Wilberforce na hana cinikin bayi. Sai wani mai suna William Fox ya wallafa wata 'yar ƙasida yana kiran jama'a su daina shan sukarin da bayi 'yan Afirka suke nomawa a tsibiran Karebiyan. Ƙasidar ta bazu ƙwarai, har Thomas Clarkson ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 sun bar shan wannan sukari, kuma mata ne a kan gaba tun da su ke riƙe da cefanen gida. Ba a haramta cinikin bayi ba sai 1807, don haka ba za a ce barin sukari shi kaɗai ya yi aikin ba, amma ya koya wa talaka cewa abin da ya zuba a shayinsa yana da alaƙa da bulalar da ake tsula wa wani a ƙetaren teku.

Henry Ford Da Jaridarsa

Idan ana neman misalin da ya fi dacewa da ƙaurace wa kamfani saboda ra'ayin mai shi, to na Henry Ford ne, mai kamfanin motocin nan na Amurka. Motarsa ƙirar Model T babu wanda ya kushe ingancinta, farashinta kuma talaka yana iya kaiwa. Matsalar daga bakin mai ita ta fito.

Ford ya sayi wata ƙaramar jarida mai suna Dearborn Independent, kuma daga watan Mayu na 1920 ta shiga buga jerin maƙaloli mako-mako tana ɗora wa Yahudawa alhakin yaƙe-yaƙe da tsadar rayuwa da lalacewar tarbiyya, ta dogara da wasu takardun jabu. Aka matsa wa dillalan motocinsa a faɗin ƙasar su riƙa rarraba ta, har yawan da ake bugawa ya kai dubban ɗaruruwa. Aka kuma tara maƙalolin aka yi littafi mai juzu'i huɗu, aka fassara shi zuwa Jamusanci. Wato ribar da aka ci daga mai sayen mota da ita ake buga jaridar da ke zagin sa.

Yahudawan Amurka da dama suka daina sayen motar Ford, wasu Kiristoci suka mara musu baya. A farkon 1921 manyan mutane fiye da 100, cikinsu har da Woodrow Wilson da William Taft waɗanda duk sun shugabanci ƙasar, suka sa hannu a takardar yin tir da wannan ƙiyayya. Daga baya wani lauya mai suna Aaron Sapiro, wanda jaridar ta ɓata wa suna, ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 1. A watan Yuli na 1927 Ford ya fitar da takardar neman gafara, a ƙarshen shekarar kuma ya rufe jaridar.

To amma a nan ya kamata ɗalibin tarihi ya yi hattara. A wannan shekara kamfanin Chevrolet yana cin kasuwar Ford, an dakatar da ƙera Model T, ana shirin fito da sabuwar mota, ga kuma shari'a a wuya. Duk waɗannan ne suka haɗu suka tanƙwara shi. Haka kuma neman gafarar bai wanke zuciyarsa ba, domin a 1938 ya karɓi lambar girmamawa daga gwamnatin Hitler. Abin da ƙauracewa ta iya yi shi ne ta taimaka aka kashe jaridar. Ra'ayin mutumin kuwa yana nan inda yake, don ba a sauya zuciya da rufe aljihu.

Wuƙa Mai Baki Biyu

Shekara shida bayan wannan sai aka juya makamin a kan Yahudawan kansu. Ranar Asabar, 1 ga Afrilu, 1933, wata biyu kacal da hawan Hitler mulki, jam'iyyar Nazi ta shirya ƙaurace wa shagunan Yahudawa da ofisoshin likitocinsu da lauyoyinsu a duk faɗin Jamus. Aka girke 'yan bangar jam'iyya a ƙofofin shaguna riƙe da alluna. Yahudawan Jamus a lokacin ba su kai kashi 1 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, kuma ba a ce sun yi kaza su bari ba, asalinsu ne laifin. Babu abin da mai shago zai yi ya kuɓuta. A hukumance kwana ɗaya aka yi, kuma an sami Jamusawan da suka ratsa 'yan banga suka yi sayayyarsu, amma ƙofar da aka buɗe ke nan. Ranar 7 ga Afrilu aka yi dokar korarsu daga aikin gwamnati. Ranar 10 ga Mayu ɗalibai suka ƙona littattafai wajen 20,000 a dandalin birnin Balin. Sauran labarin kowa ya san shi.

A kudancin Amurka kuwa, a cikin shekara guda aka ga bakin wuƙar duka biyu. Ranar 1 ga Disamba, 1955, aka kama Rosa Parks a birnin Montgomery saboda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a cikin bas. A daren wata malamar kwaleji mai suna Jo Ann Robinson ta kwana tana buga dubban takardun kira da injin gurza takarda. Baƙaƙen fata, waɗanda su ne mafi yawan fasinjoji, suka yi kwana 381 suna tafiya a ƙasa ko suna rage wa juna hanya, har kotun ƙoli ta haramta wariya a cikin bas, aka janye ranar 20 ga Disamba, 1956. Buƙatunsu a rubuce suke, kamfani ya san abin da zai yi a dawo masa.

Amma 'yan watanni kafin wannan, a garin Yazoo na jihar Misisipi, baƙaƙen fata 53 sun sa hannu a takardar neman a bar 'ya'yansu su shiga makaranta ɗaya da 'ya'yan Turawa. Ƙungiyar Turawan garin ta sayi fili a jarida ta buga sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Masu aiki aka sallame su, masu sana'a aka daina kiran su, masu shaguna 'yan sari suka daina ba su kaya. Kusan dukkansu suka janye sunayensu, da yawa suka bar garin. Babu wanda ya ɗaga sanda, amma an rufe bakin mutane da yunwa saboda ra'ayinsu.

Kusa Da Gida

Mu ma a Afirka ta Yamma ba baƙi ba ne a wannan fage. A ƙasar da ake kira Ghana a yau, wani basarake na Ankara mai suna Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa da Kwarori daga 26 ga Janairu, 1948, saboda tsadar kaya. Ranar da aka janye, wato 28 ga Fabrairu, ita ce ranar da aka harbe tsofaffin sojoji uku masu zanga-zanga, tarzoma ta ɓarke, aka wawashe kantuna, aka tsare Kwame Nkrumah da abokansa biyar. Daga nan aka kama hanyar 'yancin kai na 1957.

Haka kuma bankin Barclays ya sha ƙauracewa daga ɗaliban Ingila shekara da shekaru saboda hulɗarsa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, har ya tattara ya bar ƙasar a 1986. Nijeriya ma ta ɗauki nata mataki, domin a zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo gwamnati ta janye kuɗaɗenta daga bankin, kuma a 1979 reshensa na nan ya koma Union Bank. A shekarar ce kuma aka karɓe kadarorin kamfanin mai na BP, gidajen mansa suka koma AP.

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Idan muka jera waɗannan misalai za mu ga cewa makamin iri ɗaya ne a hannun mai gaskiya da azzalumi. Ni dai a nawa ɗan nazari, tambayoyi huɗu ne suke raba su.

Ta farko, me ake hukuntawa? Akwai aikin da mutum yake yi da dukiyarsa yana cutar da wasu, kamar korar manoma ko buga jaridar ƙiyayya. Akwai ra'ayin da yake riƙe da shi a matsayinsa na ɗan ƙasa, kamar ƙuri'a ko sa hannu a takardar koke. Akwai kuma asalinsa, wanda bai zaɓa ba. Na farko yana da hujja mai ƙarfi, na biyu hujjarsa ba ta da ƙwari, na uku kuwa zalunci ne tsantsa.

Ta biyu, wa ya fi ƙarfi? Manoman Mayo da fasinjojin Montgomery ba su da majalisa ba su da 'yan sanda, abin da suka mallaka kawai shi ne ƙin miƙa guminsu. Ƙuraishawa da 'yan Nazi da Turawan Yazoo kuwa su ne masu gari, suka haɗa ƙarfin da suke da shi da yunwa a kan marasa rinjaye.

Ta uku, akwai ƙofar fita? Ƙauracewar da ta bayyana buƙatarta, ta kuma faɗi ranar da za ta ƙare idan an biya, gyara take nema. Wadda ba ta da sharaɗi kuwa halaka mutum take nema.

Ta huɗu, da son rai ake yi ko da tsoro? Kowa yana da ikon ya kai kuɗinsa inda ya ga dama, babu mai tilasta masa sayen burodin wani. Amma ranar da aka fara tsayawa a ƙofar shago ana ƙirga masu shiga, an tashi daga 'yanci an koma ta'addanci, ko da manufar tana da kyau.

Ina Ruwan Marubuci?

Ruwansa ya kai har wuya. Ƙuraishawa sai da suka nemi marubuci ya rubuta musu yarjejeniya. Ƙasida ce ta hana mutum 300,000 shan sukari. Takardun da malama ta kwana tana bugawa su suka bar motocin Montgomery fayau. Jarida ce ta jawo wa Ford abin da ya same shi, jarida ce kuma ta tona sunayen mutanen Yazoo. Da wuya a sami ƙauracewar da ta yi tasiri ba tare da wani ya zauna ya tsara mata kalmomi ba. Saboda haka duk ɗan'uwa marubucin da aka zo wa da buƙatar ya rubuta kiran a daina ciniki da wane, ya kamata ya tsaya ya bincika zargin tukuna, ya kuma yi wa kansa waɗancan tambayoyi huɗu, domin magana zarar bunu ce, ta rubutu kuwa ta fi wuyar mayarwa.

Sannan kada mu manta cewa littafi ma haja ce, marubuci kuma ɗan kasuwa ne mai ra'ayi a fili. Idan muka saba wa jama'a da cewa duk wanda muka saɓa da shi a siyasa a kashe masa kasuwa, to gobe a kan teburin mai sayar da littattafanmu za a gwada darasin. Tsakanin rufe shaguna da ƙona littattafai a Jamus ko kwana 40 ba a yi ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kammalawa

Da zan koma ɗakin malamai a waccan rana, da sai in ce wa abokan aikina kowa yana da damar ya sayi sukarinsa inda ransa ya kwanta, amma haɗa kai domin a karya mai shago saboda hoton da ya manna bai tsallake ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba. Bai cuci kowa da dukiyarsa ba, mu ne muka fi shi ƙarfi, ba mu da wata buƙata sai dai ya bar ra'ayinsa, kuma har an fara harara ga masu shiga shagon.

Yadda abin ya ƙare kuwa shi ne, bayan zaɓe da wata biyu albashi ya yi jinkiri. Waɗanda suka yi rantsuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna zuwa karɓar bashi, mai shago ya buɗe littafinsa ya rubuta musu bai ce uffan ba, hoton kuma yana nan a jikin ƙyaure rana ta kusa cinye shi. Allah ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda muka saɓa da shi, amin.